Kiɗan Bayan Katanga

Maiturare tana tankaɗe lokacin da gogen nan ya fara. Hannunta ya tsaya cak a kan rariya.

Katanga ɗaya ce ta raba tsakar gidanta da gidan kallon Mika'ilu. Tun da ya samo kaset ɗin 'yan leƙen asirin nan, kullum bayan la'asar shi yake sawa, don samarin Kontagora sun ƙi gajiya da shi. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, Turanci kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Amma kiɗan ya koya mata komai. In manyan gogen Turawa suka fara gurnani ƙasa-ƙasa kamar hadari daga nesa, to mugu ya shigo. In kakaki ya tsage da ganguna, an kama wani. In sarewa ta fito a hankali, ƙananan goge suna bin ta, to an tsira, har sai ta ji 'yan kallo sun sauke numfashi.

Da can abin ɗebe kewa ne. Yanzu kuwa ɗanta Muhyiddin yana ɓoye a ɗakin hatsi, tun da ya gudo daga jami'a bayan zanga-zangar ɗalibai. Masu farin kaya suna nemansa. Wanda suka ɗauka kuwa, uwarsa ba ta sanin inda za ta kai masa ko da fura.

Kwanakin nan, daidai gurnanin gogen, sai wani dogon mutum mai baƙin tabarau ya zo ya zauna a dakalin da ke kallon ƙofarta. Ba ya shiga kallo, ba ya kula kowa. Ta tsagar ƙyauren zaure take leƙensa.

Sauƙinta ɗaya ne, Ruka dillaliya, sabuwar zuwa unguwar. Mace ce mai kirki, ba ta matsa wa kowa ya saya, ƙunshin atamfarta ma ko raguwa ba ya yi. Hausarta da ɗan karkata, amma a garin da Kambari da Dukkawa da Nufawa ke cin kasuwa ɗaya, wa zai tambaya? Ita kuwa sai sarewar nan ta fara take sallama, ta dubi agogon hannunta, ta zauna. Da jin muryarta sai ƙirjin Maiturare ya yi sanyi.

Yau mai tabarau bai tsaya a dakali ba. Ya miƙe, ya tsallako hanya, ya tsaya dab da zaure. Gogen ya ƙara kumbura. Maiturare ta jingina da bango, tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, rabi ba ta kaiwa ƙarshe. Ta ji yana gyaran murya. Ta ji takalminsa ya ja ƙasa, ya wuce.

Sai sarewa ta fito.

"Salamu alaikum. A'a, Yaya, lafiya kike rawa kamar mazari?"

Maiturare ta fashe da kuka. Abin da ko 'yan'uwanta ba ta faɗa wa ba, ta zazzage wa Ruka shi duka a kan tabarma.

Ruka ta riƙe hannunta. "Haba Yaya, shi ne kika zauna da wannan wuta a ciki ke kaɗai? Ƙanena yana da mota, yanzu zai tashi zuwa Bangi. Ɗauko zane da gyale. Ta ƙofar baya za mu fita."

Muhyiddin ya yi gardama, ya ce shi bai san matar nan ba. Uwarsa ta daka masa tsawa a raɗe, ta ce in dai ita ta haife shi, ya tashi. Da hannunta ta ɗaura masa zane, ta lulluɓe masa fuska, ta tura masa ƙuli-ƙuli a aljihu.

Suka bi lungu, suka ɓullo gefen gidan kallo. Farar fijo tana tsaye a bakin titi, injinta a kunne. Can a ƙofar gidan, ga mai tabarau yana roƙo, Mika'ilu ya tare hanya.

"Kai Gidaɗo, na ce sai idonka ya warke! So kake ka raba wa jama'a afolo? Koma dakali ka ci gaba da kallo da kunne!"

Mutumin ya cire tabarau yana share idanu jawur. Maiturare ta tsaya. Ta miƙa hannu za ta kamo gyalen ɗanta, amma Ruka ta riga ta riƙe masa wuyan hannu, riƙon da ba na mai sayar da atamfa ba.

A cikin gidan kallo kakaki ya tsage, ganguna suka biyo.

Direban ya fito da sauri, ya ƙame, ya sara wa Ruka.

"Sannu da aiki, Sufeto. Shi ne wannan?"