Zanen Uwa a Ƙugun Uba

Yau ta dawo daga makarantar poli da wuri, sai ta tarar da mijinta, mai gemu har ƙirji, ɗaure da zanenta mai furanni, ya goya jaririyarsu yana rausaya.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Wata guda ke nan, kina fita sai kuka, har sai ta ji ƙanshinki a jikin zanen nan. Jiya haka na shiga kasuwar hatsi, garin Ƙaura duka ya sha dariya. Amshi ɗiyarki!"

Ta miƙa hannu tana murmushi. Yarinyar ta kalle ta, ta tsala ihu, ta ƙanƙame wuyan ubanta.

Ya gyara ɗaurin zanen, bakinsa har kunne. "Gobe ki bar mini shuɗin. Ya fi shiga da hulata."