Haruffa Uku a Littafin Baba

Auta ya maida ƙofar ɗakin karatun marigayi a hankali, ya zaro littafi na sha ɗaya daga kan kanta. Yaya ta ce da zarar masu ta'aziyya sun watse za ta karanta wa dangi abin da mahaifinsu ya rubuta game da rayuwarsa. Tabarma ɗaya ta masu ta'aziyya ta rage a tsakar gida.

Mahaifin nasu malamin lissafi ne, kuma yadda yake koyarwa haka yake rubuta kwanakinsa: da'awa a sama, hujjoji a tsakiya, a ƙarshe haruffa uku na Latin, Q.E.D., wato abin da aka nemi tabbatarwa ya tabbata. Bai taɓa ɗora su a kan zato ba. Inda hujja ta gaza, sai ya rubuta "Wallahu a'alamu", ya juya shafi.

Shekara ashirin da biyu ke nan da tambayoyin jarrabawa suka fita daga akwatin ƙarfen ofishinsa. Ranar goma ga wata ya tsaya gaban kwamitin bincike, ya ce sakacinsa ne, ya manta bai kulle ba. Aka sallame shi daga aiki, shi da ke taɓa kwaɗon gida sau biyu kafin ya tafi masallaci.

Auta ne ya zare makullin akwatin daga rigar Baba da aka rataye, ya fitar da tambayoyin don ya burge abokai, ya mayar kafin a idar da la'asar. Tun daga ranar yake rayuwa a kan fata guda: cewa tsohon ya yarda da mantuwar tasa, bai san komai ba.

Auta ya buɗe littafin, ga shafin. "Da'awa: wanda ya buɗe akwatin ɗan gida ne. Kwaɗo bai karye ba. Makulli ɗaya ne. A aljihun dama na bar shi, a na hagu na same shi."

"Auta! Kana ciki?"

"Ina zuwa, Yaya."

"Tun kana rarrafe kake zuwa, har yau ba ka iso ba."

Takunta ya matso. Yana bin layi da yatsa, yana roƙon Allah ya sa "Wallahu a'alamu" zai tarar.

A ƙasan shafin ga sunan Auta na yanka, ga haruffan nan uku, ga kuma kwanan wata da hannun Baba: tara ga wata, kwana ɗaya kafin ya tsaya gaban kwamiti.