Wasiƙar da Ba ta da Gari

Mushe Barmo, wato Malam Barmo a bakin 'yan boko, ya fito da benci biyu ya jera a gindin dogon yaro, ya kakkaɓe su da gefen riga, ya zauna yana kallon hanyar Cadawa. Tsohuwar tinkiyarsa mai baƙin kunne ta zo ta kwanta ƙarƙashin benci guda. Har azahar ita kaɗai ce ɗalibar da ta halarta.

Da can ba haka abin yake ba. Duk hutun damina, 'yan jami'a da suka dawo gida daga Maradi cika wurin suke yi, wasu har a kan tubali. Sun iya faransanci, amma takardar neman aiki wadda dole a rubuta da hannu a manna mata tambur, wato kan sarki, ita ke kayar da su. Shi kuwa Barmo shekara talatin ya yi a wani buro, ofishin gwamnati, a Gidan Rumji kafin ya yi ritaya ya dawo nan, ya san takardar da ke hawa teburin shugaba da wadda ke sauka kwandon shara. Daga nesa yake gane su. Ya kan ce a bar yatsu huɗu fili ta hagu. Ya kan ce a karanta da ƙarfi, don kunne ya fi ido kama ƙarya. Bai taɓa riƙe jan bik na gyaran rubutu ba, sandarsa yake bugawa a ƙasa in jimla ta yi tsawo.

Sai wayar salula ta koyi rubutu. Bara ɗalibai uku suka zo. Bana hutu saura kwana biyu, ba ko ɗaya. Barmo ba ya karɓar komai a hannun kowa, abu guda yake so: a samu wanda zai zauna a bencin nan a yi darasin farko, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Bayan la'asar wani ɗan kabu-kabu ya sauke Nazira, 'yar shekara ta uku a fannin noma. Wata ƙungiya ta maido mata takardarta sau biyu, jibi kuma za a rufe karɓa.

"Mushe, duba mini kawai, sauri nike."

Ya ɗaga takardar ya kalle ta kamar mai duba ƙwai a rana. "Wagga ko ni ne shugaba, ƙosai zan naɗe da ita. Zauna, ɗiyata. Ture tinkiyar, ta riga ki rajista amma ba ta da ƙoƙari."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro wata takarda cikin leda, ta yi ruwan ƙasa, an liƙe tsagewarta da salatif. Darasin farko ke nan, kowa da ita yake farawa: wasiƙa mafi muni da aka taɓa rubutawa a jihar Maradi.

"Karanta. Tabarauna na wurin gyara."

Nazira ta karanta, tana danne dariya. "Na iso lafiya. Nan ba itace ko ɗaya, sai rairayi. Na samu aikin ɗaukar bulo. Abincinsu ba yaji. Kar a sai da 'yar tinkiyar nan, tawa ce. A yi haƙuri da yadda na fita ban yi sallama ba. In an yi kaka ina nan tafe. Shi ke nan."

"Kin cika sauri. Sake, a hankali."

Ta sake. Barmo ya rufe ido, leɓensa na motsi.

"To, mi ya rasa?"

"Ba gaisuwa. Ba sunan wanda aka rubuta wa. Ba kwanan wata."

"Sai mi?"

"Bai sa hannu ba."

"Sai mi!" Sandar ta daki ƙasa har tinkiya ta miƙe.

Ta duba sama ta dama. "Bai sa gari ba."

"Yawwa. Rairayi! Ina ne babu rairayi? Agadas ne, Libiya ce, Aljeriya ce? Mutum ya karanta yana da amsa cike da baki, ina zai aika ta? Ke ko saƙon albasa za ki rubuta, fara da gari da kwanan wata, ki ƙare da inda za a same ki."

Ta duba tata takardar. Ba adireshi, ba lambar waya. Kunya ta kama ta.

Suka yi aikin har rana ta yi ja. Tana karantawa, yana tsayar da ita. Ya sa ta zubar da rabin kirarin da ta yi wa shugaban ƙungiyar, ya sa ta faɗi abin da ta iya a layi uku, ya nuna mata da ɗan yatsa inda tambur ke zama. Kwafi na huɗu ya fito tsaf.

Da za ta tafi ta tambaya, "Mushe, wai wane sakarai ne ya rubuta waccan?"

"Wani ne da bai samu malami ba. In kin ga 'yan ajinku, ce musu benci na nan."

Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi. Ƙarar babur ta yi nisa.

Barmo ya shigar da benci ɗaya, ya dawo ya zauna a ɗayan, tinkiyar ta ɗora haɓa a gwiwarsa. Ya buɗe wasiƙar yana kallo, a juye, ƙasanta a sama. Bai san a juye take ba. Shekara talatin ɗin nan ɗan aike ne a bakin ƙofar buro, bai taɓa sanin harafi ko ɗaya ba, kuma tun da Abdulhadi, ɗansa tilo, ya aiko da takardar nan shekara bakwai da suka wuce, wannan darasin ne kaɗai hanyar da yake jin muryar yaron.