Takarda a Cikin Kwano

Haulatu ta goge amsar da ta rubuta karo na uku, don zagin da ke ciki ya fi ƙarfin bakin malamar makaranta. A ƙarƙashin kashi na tara na fim ɗin, ra'ayoyin masu kallo sun haura dubu biyu, kuma kusan duka a kan mutum ɗaya suka taru.

Fim ne na barkwanci da wani kamfani a Kano ke sakawa a intanet duk Juma'a. Wani bakaniken babur mai i'ina, Mati, ya saki matarsa ta hanyar saka takardar a cikin kwanon abincin da ya mayar mata. Daga nan matar ta shiga zawarci, ta haɗu da wani ɗan gayu, ana ta dariya. Mati kuwa, duk fitowarsa sai ya maƙale a kan kalma ɗaya har a ɗauke kyamara.

A Kano da Kaduna wasa ne kawai. A Daura kuwa, bakaniken babur mai i'ina guda ɗaya ne a bakin tasha.

"Wannan ai Sabiru ne!" in ji wani mai kallo. Wani ya ɗora hoton rumfarsa. Wata ta rubuta cewa duk macen da ta auri irin wannan ta shiga uku. 'Yan acaɓa suka koma kiransa Mati, wasu har da kwaikwayon maganarsa idan sun kawo gyara.

Haulatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. "Ba ku san Yaya Sabiru ba," ta rubuta. "A gida ɗaya muka taso. Ku ji tsoron Allah." Suka ce ai dole dangi su kare nasu. A ofishin malamai ta tarar ana kallon kashin a waya ɗaya, ana ƙyaƙyatawa. Ta buga littafi a tebur har alli ya zube ƙasa. Ta ce su marasa tausayi ne, amma wadda ta rubuta labarin ta ɓoye sunanta ta fi su duka rashin mutunci. Wayarta ta yi ƙara, lambar Kano. Ta kashe.

Ran Talata labari ya iso. Saura kwana goma a ɗaura auren Sabiru da Hadiyya, wata yarinya 'yar Mashi, sai mahaifinta, Malam Sha'aban, ya aiko a karɓi kayan da aka kai. Jikokinsa ne suka nuna masa fim ɗin.

Da aka tashi daga makaranta ta wuce bakin tasha. Ba ta shiga rumfar ba, daga waje ta tsaya. Sabiru na durƙushe yana kwance ƙafar babur, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya rame.

"Yaya, zan je Mashi."

Bai ɗago ba. Leɓensa ya yi ta rawa kafin kalmar ta fito. "B-bari." Ya ci gaba da aikinsa.

Wannan kalma guda ta fi ra'ayoyi dubu biyun ƙona mata rai. A gida ta gaya wa mijinta Ikrima. Ya ce, "Kin san abin da zuwan nan zai jawo miki?" Ta ce ta sani. Ya ɗauko makullin mota.

Sun sami Malam Sha'aban a zaure bayan sallar La'asar, yana ɓare gyaɗa. Ikrima ya gaishe shi ya koma mota. Haulatu ta durƙusa daga gefe, ta fara magana a ladabce, amma ba a jima ba murya ta ƙwace mata.

Ta ce fim ɗin ƙarya ne aka ɗora a kan gaskiya. Matar ce ta yi wata uku tana neman saki, tana ƙin gaishe shi, tana kwaikwayon i'inarsa a gaban ƙawayenta, don tana ganin ta fi ƙarfin bakanike. Ran da ya gaji, ya yi ƙoƙarin faɗa da baki, harshensa ya ƙi. Ya sa takardar a kwano ya rufe, don kada matan gida su gan ta da takarda a hannu su yi mata dariya. Ya bar mata komai na ɗakin. Har yau ba a taɓa jin aibinta daga bakinsa ba.

"Ita kuwa ta samu wani mijin, ta ji daɗi, sai ta mai da shi abin dariyar duniya," in ji Haulatu, hawaye na bin fuskarta. "In akwai wanda ya kamata a gudu, Baba, ita ce."

Malam Sha'aban ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

"Yarinya, na ji kina ce masa Yaya. Ba na ba da 'yata a kan shaidar dangi. Mutum biyu ne kaɗai za su faɗi wannan magana in mayar da ranar aure: matar da ya saka, ko wadda ta rubuta fim ɗin. Kawo mini ɗaya daga ciki."

Haulatu ta share fuska da bakin hijabi, ta ɗago ta dube shi.

"To a mayar da ranar, Baba. Ɗan kawuna ne, ni ya saka wa takardar a kwano, kuma da hannun nan nawa na rubuta fim ɗin."