Wasan da Ruwan Shuka Ya Tsayar

Ƙungiyar ƙwallon garinmu, can wajen Ollelewa, ba ta taɓa mallakar fili ba. Gonar Baba Ilu ake ara mata bayan girbi, da sharaɗi ɗaya: ran da ruwan shuka ya sauka, a tuge sandunan raga.

Ina tuna la'asar ɗin da 'yan Gangara suka zo. Babana ne mai tsaron gida, ni kuwa ina bayansa, na kasa tsayawa wuri ɗaya. Ana ɗaya da ɗaya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Sai ga Baba Ilu a bakin fili, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu.

Babana ya ɗaga murya: "Baba, don Allah ka bari mu ƙarasa!"

Tsohon ya nuna sama da baki. "Ni na bari, Sani. Shi za ka roƙa."

Yayyafi ya fara, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Ba wanda ya jira usur. 'Yan wasa suka watse, kowa ya tuna da gonarsa. Babana ya tuge sandunan da hannunsa yana dariya: "Bayan girbi za mu ƙarasa."

Daminar ba ta yi kyau ba. Kafin kaka samarin sun bi motocin Agadas ci-rani, har da babana. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba.

Har yau in na ji ƙamshin nan, zama gagarata yake. Ɗaya da ɗaya muke da Gangara, sandunan kuma suna nan jingine bayan rumbunmu.