Ɗigon Marigayi Trautwein

Ottokar Hentschel ya ajiye gudumarsa da ya ji an ce yau za a buɗe akwatin takardun marigayi Trautwein, shahararren mai tsara kiɗa.

Shekara arba'in ke nan yana sassaƙa ɗigon kiɗa a kan allon dalma, a gidan buga takardun kiɗa na Rehbein da ke Leipzig. Layi biyar ne, kowane ɗigo da mazauninsa. Ka ɗaga shi layi ɗaya, ka canza waƙa. Shi kuwa ya taɓa ɗagawa. Yana sabon hannu, mura ta cika masa ido da ruwa, ya buga ɗigon ƙarshe na kiɗan Trautwein a layin sama. Bai lura ba sai da aka buga kwafi dubu. Ya ja bakinsa ya yi gum.

To, ɗigon nan shi ya tsayar da gidan. Mata suka yi ta sharar hawaye a zauren kiɗa. Masana suka rubuta littattafai masu kaurin bulo, wai kukan rai ne. Maigida Rehbein har tumbi ya ajiye a kansa.

Yanzu gidan zai cika shekara ɗari, an gayyato Farfesa Lindenau ya gwada bugun da rubutun hannun marigayi, ɗigo bayan ɗigo. In asiri ya tonu, ta ƙofar baya Ottokar zai fita, da furfurarsa, ba ko sallama.

"Hentschel, taso ka ga abin da ke ciyar da kai," in ji Rehbein. "Ba kullum mai guduma ke ganin hannun manya ba."

"Ranka ya daɗe, ai ni dalmata ta ishe ni."

"Taso dai. Amma kar ka taɓa komai da wannan hannun naka."

Farfesa ya sa farar safar hannu, yana juya shafi kamar mai wankan jariri. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya tsaya cak. Ya goge tabarau. Ya sake duƙawa. Ottokar ya matso kusa da Rehbein.

"Ranka ya daɗe, akwai wata tsohuwar magana da..."

"Yi mana shiru, masana na aiki!" in ji Rehbein.

"Ga shi nan!" in ji Farfesa. "A layin sama! Ku duba, har kankare ɗigon farko marigayi ya yi da wuƙa, ya sake wani. Ga ma abin da ya rubuta a gefe: 'A mafarki aka ba ni wannan ɗigo.'"

Rehbein ya zaro hankici ya shiga fyace hanci.

Ottokar ya miƙa wuya ya leƙa. Lallai hannun marigayi ne, har da kwanan wata a ƙasa: mako ɗaya daidai bayan ranar da shi Ottokar ya kai masa bugun farko mai kuskuren nan har gida.