Gurbin da Aka Bari Fanko

"Gida arba'in da ɗaya ba ɗumi a tsakiyar hunturun birnin Winnipeg na Kanada, allo kuwa yana cewa an gama gyara!" Shugabar masu duba inganci a kamfanin gidajen haya ta daki tebur har gahawar injiniyan ta zube.

Ya ɗaga kafaɗa. "Na'urar nan mai basira ce ke rufe ƙorafin 'yan haya, ba ni ba."

"Dalla kar ka raina min hankali! Ba bayanin da ka rubuta mata take bi ba? Layi biyu kacal! Ina ka gaya mata in ta bar gurbin matsayin aiki fanko, manhajar da ke ajiye ayyukanmu da kanta za ta sa 'an gama'? Duk inda ta yi shakka sai ta bar shi. Wata tsohuwa kwana uku tana barci da safar hannu!"

"Ai an duba bayanin, an amince."

"Wane malalacin ne ya duba? Buɗe in gani."

Ya juyo mata da allon. Nan take ta tuna ranar, wata uku baya: ta buɗe aikin duba bayanin, ta ce sai bayan abincin rana, ta rufe ba ta zaɓi komai a gurbin matsayin ba.

Ga sunanta nan, a gabansa da koren rubutu: an gama.